Maganar da Ke Cikin Rakiya

Abin da ke gabana a ranin nan ba shi da wuyar ƙirgawa: gonar rani guda ɗaya a ƙasan dam ɗin Watari, baki goma sha huɗu da ke ci daga cikinta, da kwana tara kafin mai saye ya zo daga Bici a tafa. Mai gonar shekara goma sha tara yana kawo mini albasa ina lodawa kudu. Shi ya ce in nemo mai saye, ni kuma na nemo.

Ni dillali ne, da kwando ɗaya na fara. Tun da Allah ya buɗa mini, rumfata ta zama wurin neman shawara: mai rigimar iyaka, mai ɗan da ya ƙi makaranta, mai son sayen babur. Ban taɓa ɗaukar abin da wuya ba. Mutum ya faɗi, in yanke masa, ya tashi wani ya zauna. Wanda ya tsaya dogon tunani albasarsa a buhu take ruɓewa.

Wannan manomi ya girme ni kaɗan, Yaya nake ce masa. Da farko injin ban-ruwansa ya ce in sayar. Na ce, "Yaya, injin da ko shekara uku bai yi ba?" Ya ce, "To, ai ka san abin." Ban san komai ba, amma cikin kwana biyu na sayar, har ina jin na yi masa gwaninta. Da ya dawo da maganar gona sai na hau shi da faɗa. A ƙasarmu gonaki manne suke da juna kamar haƙora, wanda ya cire nasa ba ya sake tsirowa. Na faɗa masa haka, na ƙara da na kakansa da ya sare wurin. Ya saurara har na gama, ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji. A dai nemo mai sayen."

Ranar da ya zo jin an sa rana, ƙanen uwargidana yana zaune a rumfar yana ɓare mini gyaɗa ba da izinina ba. Malamin sakandare ne, kuma da furfurarsa ya koma kwalejin ilimi wai karatun ba da shawara. Duk hutu yana wata bita. Na sha ce masa shawara ba a karanta ta, ko kana da kai ko ba ka da shi. Da manomin ya yi sallama, sai Malam ya kaɗe riga ya bi shi rakiya. Kusan awa guda bai dawo ba.

"Me ya ce maka?" na tambaye shi.

"Ya ce a gaishe ka."

"Awa guda kuna tafe, gaisuwa kaɗai?"

"Sauran ajiya ce, Alhaji. Kai in an ba ka ajiyar buhu, kwancewa kake yi?"

"Ni kake ɓoye wa magana? Ni da nake riƙe da yayarka tun kana yawo ba wando?"

"Ita ma tata ajiyar tana wurina, ban taɓa ba ka ba."

Na haɗiye wannan. Na ce, "To ka hana shi sayarwa?" Ya ce ai ba gonarsa ba ce. Shekara uku ana karatu, abin da aka samo ke nan! Na ce masa da akuya ya kiwata a shekarun nan da ta haihu sau biyar.

Bai ji haushi ba, kuma rashin jin haushinsa ya fi komai ƙona mini rai. Ya ce lokacin da aka fara ba shi ɗakin shawara a makaranta, shi ma irina ne. Ɗalibi zai shigo, kafin ya zauna ya fara masa wa'azi, kuma babu wanda ya taɓa dawowa. A kwalejin ne wata malamarsu ta sa ya naɗi zamansa da wani abokin karatu a waya, ya je ya saurara. Ya ce daga farko har ƙarshe muryarsa kaɗai ya ji. Sannan ya dube ni ya ce, "Mutanenmu ba sa faɗin abin da ya kawo su a gaban benci. Sai an miƙe, an bar idon jama'a. Shekara goma sha tara, sau nawa ka taka masa?"

Ko sau ɗaya. Mai rumfa yana da sikeli da leburori da direban da ke jira, wa zai bar su ya tafi yawo?

Kwana biyar ina fushi da su duka biyun. Ranar kasuwa Yaya ya sake leƙowa, da ya tashi na ce, "Mu je in taka maka." Ya yi mamaki har ya tsaya. Muka wuce masu kayan miya, muka wuce masallaci, muka shiga 'yar hanyar da ke tsakanin dangogi. Na yi lodin mota uku a yini ban gaji kamar yadda riƙe bakina ya gajiyar da ni ba. Shi kuwa sai zancen tsadar taki yake yi, yana tafe yana shafa danga da hannu. Sau biyu na buɗe baki zan ce ya faɗi abin da zai faɗa ina da aiki.

Sai da muka kai gindin wata ɗorawa ya tsaya. Ya ce, "Alhaji, irin albasar da na ce maka ya ƙone bara, ni na ƙona shi. Maganin ciyawa na fesa, na ɗauka na ƙwari ne. Ba na ganin robar."

Shekara biyu ke nan idonsa kamar an shafa masa koko. Bai faɗa wa matarsa ba, bai faɗa wa 'ya'yansa ba. So yake ya sayar tun ana cewa shi ya ga dama, kafin a fara ja masa sanda ana raba gonar yana raye. Da ya faɗa wa Malam ranar rakiyar nan, Malam ya ce masa wannan ba fanninsa ba ne, na likitan ido ne, kuma in ya shirya zai kai shi Kano. Bai shirya ba, don ya ji an ce ƙwaƙule idon ake yi.

A nan haƙurina ya ƙare, ban ɓoye ba. Na ce, "Yaya, kai da Allah! Shekara biyu kana shan shayina kana kallon inda ba ni nake ba, ka kasa cewa uffan?" Ya ce, "Ai ba ka tambaya ba." Bayan kwana biyu da asuba muka kama hanyar birni, Malam a baya yana ba shi labarin wani da aka yi wa aikin ya koma ɗinki.

Ga yadda aka tashi. Injin ya tafi, wanda na sayar wa ya ƙi mayarwa, kuma da gaskiyarsa. Noman ranin shekarar ya wuce, ko buhu ɗaya ban samu daga gonar ba. Mutumin Bici ya ce ni ba mai magana ɗaya ba ne, har yau ba ya ciniki da ni. Idon Yaya na hagu likita ya ce an makara, da an zo tun bara da wata maganar ce. Na dama an cire masa yanar da ta rufe shi, yana gani. Gonar tana nan a hannunsa, baki goma sha huɗu suna ci.