Jakin Guzuri

Har yau ban manta da ranar da na yi rabon kuɗin hanya a Gwaram ba. Ku da kuka tarar da ni ina uban dawakin ayari, kuna ganin kamar da iya rabo aka haife ni. To, a wancan lokacin jakai biyu gare ni, da baki mai yawa.

Ga wanda bai san aikin ba, uban dawaki shi ke biyan duk abin da tafiya ta ci a madadin ayari: kuɗin ƙofa, ladan mai masauki, ciyawar dabbobi. In an sauka sai ya raba wa kowa nasa. Ƙa'idar kuwa da kan jaki ake rabo, ba da kan mutum ba. Mai jaki uku ya biya kashi uku, wanda ba shi da dabba ba a bin sa komai.

Da kaka ne, an gama yankan gero, muka tashi daga Birnin Kudu mu uku, dukanmu abokai tun na wasan ƙasa. Tanko yana da jakai uku ɗauke da kanwa, ni ina da biyu ɗauke da baƙin zane. Barau kuwa jakinsa ɗaya tal, wanda ya yi damina biyu yana tara kuɗinsa. Tafiyar ba ta kai a naɗa uban dawaki ba, sai suka ce ni in riƙe, tunda na fi su son lissafi.

Da muka zo ɗaurin kaya aka rasa inda za a sa guzuri, domin ni da Tanko mun cika dabbobinmu maƙil. Barau ya ce, "Ku kawo nan. Zanena ba yawa, na ɗauka a ka."

Haka aka ɗora wa jakinsa gero da tukunya da dusar dabbobi. A zangon farko Tanko ya ƙara masa tabarmarsa da dunƙulen kanwa guda, yana dariya yana cewa ai jakin guzuri na kowa ne. Ni ma na saƙala ƙullin zane ɗaya, na ce mara nauyi ne. Barau ya dubi ƙafafun jakin.

Da hantsi muka iso kogin Gwaram. Ruwa ya ja baya, iyakarsa ƙugu, saboda haka ba mu nemi masu fito ba. Jakai biyar suka haye lafiya. Na Barau ya kai tsakiya, yashi ya riƙe masa ƙafa, kaya suka sha ruwa suka rinjaye shi. Kafin mu yanke igiya ya kwanta, bai sake tashi ba. Mun ceto tukunya da ƙullin zanena.

Bayan an tashi kasuwa muka zauna a zauren mai masauki. Abin da tafiya ta ci wuri ɗari shida ne. Da jakai shida, kowane kai ɗari ke nan. Na gyara murya na ce, "Barau, yanzu ba ka da dabba, ƙa'ida ta ɗauke maka. Ni da Tanko mu raba a kan biyar."

Tanko ya ce, "Wallahi ka yi adalci. Allah ya mayar maka da alheri, Barau."

Na ji daɗin kaina ƙwarai a lokacin. Ina ganin na haɗa ƙa'ida da zumunci a zama ɗaya.

Barau ya kwance bakin jakarsa, ya ƙirga wuri ɗari a tsanake, ya tura gabana.

Na ce, "Haba, na ce an ɗauke maka."

Ya ce, "Da shi aka taso daga gida. Ya ci ciyawa, an biya masa ƙofa. Ba na so ya tafi da bashinku."

Na karɓa, domin ban ga inda ƙa'ida ta hana ba. Kashegari muka juyo, shi da ragowar zanensa a ka, yana tafe a bayan dabbobinmu.

Sai da muka kwana bakwai a gida mahaifina ya tambaye ni yadda aka yi. Na ba shi labari har da rabon, ina jiran yabo. Ya ce, "Kayan wa jakin ya ɗauko?" Na ce namu. Ya ce, "To me ya sa shi kaɗai ya yi hasara?" Kunya ta rufe ni.

Na je na sami Tanko. Ya ɗan yi gardama, ya ce mutuwar dabba daga Allah take, amma ya ba da nasa. Muka haɗa abin da zai sayi jaki, muka sami Barau a gonarsa yana ɗaurin karan dawa. Ya tarbe mu da fara'a, ya ba mu ruwa, ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Na gode. Da a Gwaram kuka faɗa, da na karɓa, domin hakkina ne. Yanzu kuma an tuna muku ne, ya zama taimako. Ni kuwa ban roƙa ba."

Mun yi magiya, mun sa manya sun yi masa magana, bai karɓa ba. Bai yi gaba da mu ba, ko suna ko jana'iza yana zuwa. Amma bai sake fita fatauci ba, noma ya riƙe har Allah ya karɓi ransa.

Abin da na koya ke nan: ƙa'ida tana ƙirga abin da ake gani ne kawai, kuma a cikin abokai wanda ya fi kawaici shi ya fi cutuwa, domin ba zai buɗe baki ya ce an ci shi ba. Shi ya sa kuke ganin ba na bari a tashi sai na tsayar da ayari a bakin ƙofa, na kama kunnen jakin guzuri, na sa kowa ya faɗa da bakinsa cewa in ya mutu, hasarar ta kowa ce. Kuna dariya, kuna cewa tsoho ya cika al'ada. Na Barau ma na kowa ne ranar da muke ɗora masa kaya. Da ya kwanta a ruwa ne muka tuna na Barau ne.