Gilashin da Na Kai wa Baba Mandera

Har gobe ban manta da ranar da na tsaya gaban shugabar sashenmu ina roƙon ta ba ni shara ba. Ku da kuke koyon gyaran waya a shagon nan na Bodinga kun sha tambayata labarin ɗan gilashin da ke cikin durowata, kuna zolayata wai layata ce. To, ga asalinsa.

Lokacin ina shekara ta biyu a wata masana'anta a gabashin Asiya, ina matakin ƙaramin ma'aikacin fasaha. Gilashin tabarau muke yi, irin wanda mutum zai saka ya ga rubutu da hoto a kan abin da yake kallo. Aikin sashenmu shi ne zana layuka a jikin gilashin, sirara ƙwarai, sama da ɗari za su shige cikin kaurin gashi guda. Su ne suke kama haske su bi da shi ta cikin gilashin har su zuba shi a ido. Mukan shafa wani ruwa mai danƙo, mu danna masa hatimi mai layukan, mu busar da fitila ta musamman, sannan a kai sashen dubawa. Ɗakin ba a shigarsa sai da farar riga tun daga kai har ƙafa. Ba turare, ba ƙura, gemuna ma sai na sa masa tasa hular. Ina kewar ɗakin nan mai rawayar fitila, da shirunsa.

Ana gab da hutuna ƙanena ya kira ni daga garinmu, Mandera. Ya ce Baba ya yanke magana: in na zo ba zan koma ba. A wurinsa, aikin da ba ka iya nuna shi da hannu ba aiki ba ne. Maƙeri yana da fartanya, shi yana da albasa, ni kuwa sai dogon bayani. Hankalina ya tashi, don ina son aikina, amma ba zan hau jirgi ba tare da albarkarsa ba.

Dokar wurin ita ce duk gilashin da ya samu tabo a farfasa shi, ko ƙwaya ba ta fita. Shugabarmu, Madam Lin, mace ce da ban taɓa ganin haƙoranta ba. Na same ta na ce ina son guda daga cikin na zubarwa.

"Me za ka yi da shi?"

"Mahaifina zan nuna wa. Bai yarda ina da sana'a ba."

Ta ce nata uban masunci ne, har ya rasu yana zaton kwalba take wankewa. Da kanta ta hau sama wurin manya ta nemo izini. Aka zaɓo na wani tsohon samfuri da aka daina yi, aka karce gefensa don kada ya moru, ta naɗe min shi a ƙyalle.

Na sauka Sakkwato, na bi motar Shagari, na ƙarasa gida a kan babur. Washegari da hantsi na sami Baba a zaure, na durƙusa na miƙa masa. Ya shafa da babban yatsa, ya juya, ya sake shafawa.

"Umaru, wanga abu babu komi bisa nai. Shi na aikin?"

Na ce, "Baba, a ɗan matso da shi bakin ƙofa."

Rana tana taɓa shi sai ja da kore da shuɗi suka zubo a bangon zaure, kamar bakan gizo. Baba ya karkata hannu, launukan suka gudu. Ya dawo da shi, suka dawo. Na yi masa bayanin layukan, da yadda suke tare haske su kai shi inda ake so. Ya yi ta wasa da shi kamar ba dattijon da ake tsoro ba.

Can ya ce, "Ashe ban ruwa kaka yi. Ni in tare ruwa in kai su fangali, kai ka tare haske ka kai shi ido." Ya ɗago. "In hanya guda ta toshe hwa?"

"Sai a zubar da gilashin gaba ɗaya, Baba."

"To aikinku ya hi namu wuya. Tahi, Allah shi yi ma albarka."

Na koma na ƙara shekaru, har na zama mai kula da sashen. Da na ba Madam Lin labari, ranar na fara ganin dariyarta.

Abin da na koya shi ne, komai zurfin sana'a, tana bukatar ranar da za ka ɗora ta a tafin wanda ya haife ka ya gane ta. Kuma masu tsaurin doka a wurin aiki, sau da yawa su ma 'ya'yan wani ne da bai gane su ba.

Bayan rasuwar Baba ne aka maido min da gilashin. A aljihun rigarsa ta zuwa kasuwa aka same shi, ya dushe da shatin yatsu. Ƙanena ya ce babu mai sayen albasar da bai nuna wa ba, yana cewa gonar Umaru ce. Shi ya sa ba na bari ku goge shi.