Nonon da Gwaggo Ta Bari

Wata Talata ce cikin damina, a shekarar 1963, aka hana ni zuwa makaranta aka ce in raka Gwaggo Hansatu babban asibiti. Shekaruna goma sha ɗaya. Ruwan safe ya cika kwatar unguwarmu ta Nima har ta tumbatsa, sai da muka tattare zannuwa muka bi ta kan katakon da aka gitta kafin mu sami mota a bakin titi. Gwaggo yayar babana ce. An zaɓe ni ne don ni kaɗai nake jin Turanci a ɗakinmu, Baba kuwa ko za a yanka shi ba zai shiga inda za a buɗe ƙirjin yayarsa ba. Na sa rigar makaranta duk da ba can za ni ba, don likita ya san da wa yake magana. Girman kai nake ji ranar, ba tsoro ba.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, rufin kwano, kowane ɗaki da yarensa. Akwai Dagomba, akwai Zabarmawa, akwai Kotokoli. Hausa ce ta haɗa mu, amma irin tamu ta Zango, wadda ba ruwanta da namiji ko mace. Gwaggo kuwa da girmanta ta zo daga ƙasar Katsina bayan rasuwar mijinta. Ba ta taɓa haihuwa ba, sai ta mai da bakina gonarta, kullum tana cikin cire ciyawa. In na ce "Gwaggo ya dawo," sai ta shafa haɓarta ta ce, "Yaushe na tsiro gemu?" Sana'arta fura da nono. Kafin in tafi makaranta sai na bi layin famfo na cika randa, na taya ta surfe, na mulmula furar na birkiɗa ta cikin gari. Nonon kuwa matan Fulani ne ke kawo mata daga rugage na bayan gari, ita kuma ta ɗanɗana da bakin ludayi, ta san wanda aka yi wa ƙarin ruwa. Da yamma ina ƙofar gida muna ampe, wasan tsalle da tafi na 'yan mata, ina jin ta tana kiran masu wucewa.

Abin da ya kai mu asibiti wani ƙullutu ne a nononta na hagu, mai tauri kamar ƙwallon dabino. Ba ya mata ciwo, shi ya sa ta yi watanni ba ta faɗa wa kowa ba. Mma Fati ce ta gani, maƙwabciyarmu Badagomba mai sayar da koko, ranar da suke wanki da ɗaurin ƙirji. Ita ta tasa Baba a gaba da mita har ya yarda a je.

Likitan mutum ne mai haƙuri. Ya duba Gwaggo ya daɗe, ya taɓa hammatarta, ya wanke hannu. Ma'aikaciyar da ke tare da shi ba ta jin Hausa, don haka ya juyo gare ni ya yi magana a hankali, kalma bayan kalma. Na gane komai. Ya ce ciwon ba mai jira ba ne, sai an yi aiki an cire nonon gaba ɗaya, kuma ta dawo bayan mako biyu. Da yake faɗa ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙirjinsa. Ni kuwa yarinyar da ba ta taɓa ambatar jikin babba a gaban babba ba, kunya ta kama ni. Na kafe idona a kan siminti na ce, "Gwaggo, ya ce sai an cire nonon."

Ta ce, "Nono kawai? Ai wannan mai sauƙi ne, Azumi. Ce masa na bar shi daga yau."

Nan take na san wane nono take nufi, na ƙwarya, ba na jiki ba. Kalma ɗaya ce a Hausa, kuma gyaran bai fi in nuna ƙirjina ba. Ban nuna ba. Na juya na gaya wa likita da Turancina mai kyau cewa ta yarda. Ya yi murmushi, ya yaba ƙarfin zuciyarta, ya rubuta ranar dawowa a takarda ya miƙo mini. Na ninke ta na cusa cikin littafin lissafina, can ta zauna.

Gwaggo ta cika alkawari fiye da yadda aka nema. Ta daina shan nono, ta sallami matan Fulani, ta koma dama fura da ruwa zalla, wai abin da ba za ta sha ba ba za ta ba wani ba. Masu saye suka yi ƙorafi, wasu suka koma wajen wata a unguwar Maamobi, ko a jikinta. Baba ya ji daɗi da aka ce magani a ƙwarya yake, ba a wuƙa ba. Mako biyu suka wuce, wata biyu suka wuce. Kullum in na buɗe littafin lissafi sai takardar ta leƙo, in danne ta da babban yatsa in ci gaba da aiki. Na daina ampe. Kowace safiya ina cewa yau zan faɗa, kowace safiya kuma faɗar tana ƙara nauyi, domin yanzu ba kunyar nono kaɗai ba ce, har da kunyar shirun da na yi.

Bayan babbar salla ƙullutun ya fashe ya zama gyambo. Mma Fati ta kira ni gefe ta ce, "Ciwon nan ci yake yi. In ba ka ba shi nama, zai ci mutum." Aka riƙa aikena wajen mahauta in karɓo ɗanyen nama sirara, a ɗora a kan gyambon a ɗaure da tsumma, da safe a cire a binne. Na yarda ciwon yana ci, don ina ganin Gwaggo tana ƙarewa. Amma naman nan yadda aka sa shi haka ake cire shi, sai wari. Na fara tambayar kaina, to in ba nono yake ci ba, ba nama ba, me yake ci?

Wata rana da la'asar ina tsefe mata kai a bakin ƙofa, tana zaune tsakanin ƙafafuna ba ta ganin fuskata, sai maganar ta fito. Na ɗauko takardar na ajiye a cinyarta, na ce ba nonon sha likita ya ce ba, ni ce na yi shiru, ni na kashe ta. Ta bar ni na yi kukana har na gaji. Sannan ta ce, "Ni da nake gyara miki Hausa kullum, ni ce ban san nono biyu ne ba? Ai na ga inda ya ɗora hannunsa. Tsoron wuƙa nake yi, na kuma ga fuskarki, na ce bari in sama mana hanya, ni da ke. Nonuwan nan ba wanda ya taɓa shan su, ina so in mayar da su yadda aka ba ni. Ƙarasa tsifar, kina ja mini gashi." Ta rasu kafin damina ta zagayo.

Tambayar nan ce ta zame mini sana'a. Na yi fiye da shekara talatin a ɗakin bincike ina bin sawun wani sinadari da jikin mace ke yi, wanda ake kira istrojin. Shi ke sa nonon yarinya ya fito, shi kuma ke bai wa da yawa daga cikin irin wannan ciwo umarnin yaɗuwa. Na yi aiki a kan yadda kitsen jiki ke ci gaba da samar da shi bayan mace ta daina al'ada, da yadda sarrafa abinci a jiki ke shiga cikin lamarin. Ashe Mma Fati ba ta yi nisa da gaskiya ba, a kan abincin ne ta yi kuskure. Ko aikin da likita ya so yi zai ceci Gwaggo, ban sani ba, kuma na san isasshen ilimin da zai hana ni yin rantsuwa ta kowane ɓangare. Abin da na sani shi ne na ji haushinta, har yau ina ji, don ta yafe mini laifin da ni ban gama yafe wa kaina ba.

Yanzu gidan namu an rushe shi an yi bene, 'yan matan Nima suna karanta sunan ciwon a wayoyinsu, akwai kuma ƙwayar da ke toshe wa ciwon hanyar jin umarnin istrojin. Ina zuwa lokaci-lokaci in zauna da matan unguwa bayan taron suna ko a harabar masallaci, in yi musu bayani da Hausar Zango, ba mai gyara mini. Ina ma akwai mai gyaran. Duk lokacin da na zo kan kalmar nan, sai in ɗaga kai in dube su, in ɗora hannuna a ƙirji.