Baba Mai Kwalba da Jar Tutarsa

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ni ba mai son a ji muryata ba ce. Amma Baba Mai Kwalba ya yi ritaya, na ga in na yi shiru, shirun zai dame ni.

Ina ba da hayar tayoyin iyo ne a bakin tafki, kusa da inda Baba, ma'aikacin duba lafiyar ruwa, yake aje kekensa. Kullum da safe kafin mu shimfiɗa kaya ya iso. Sai ya naɗe wando, ya shiga ruwa iya gwiwa, daidai inda ƙananan yara ke wasa. Ya nutsa kwalba, ya rufe, ya sa a akwatin ƙanƙara, ya kai ɗakin gwaji, inda ake duba ƙwayoyin cutar da ke sa gudawa da ciwon kunne.

Sakamakon ba ya fitowa sai washegari. Shi ya sa in an yi ruwan sama Baba ba ya jira. Ya ce ruwan sama na kwaso ƙazantar magudanai ya zuba a tafki, don haka da sassafe yake kafa jar tuta, ba mai shiga sai gwaji ya fito.

Wata ranar hutu, bayan an kwana ana ruwa, gari ya waye fes, mutane suka cika bakin tafki. Mai kwalekwale ya ga tuta, ransa ya ɓaci.

"Haba Baba! Ruwa kamar madubi, wace cuta kake gani?"

"Da ana ganinta da ido, ɗana, da ban tsufa ina ɗaukar kwalba ba."

"To kai kullum kana ciki, ga ka garau."

"Ni gwiwata ce ke shiga. Su yara har sha suke yi."

Wata uwa da ta riga ta cire wa 'yarta riga ta tsaya ta ji, sai ta mayar mata. Yarinyar ta yi ta kuka. Baba ya tsuguna, suka gina gidan yashi tare har ta manta.

Baba, kai ne ka wuni a rana ranar nan kana ba iyaye haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Kai ne ake yi wa tsaki in ka wuce, ka amsa da "Allah ya ba da kasuwa." Yaran da ba su kwanta asibiti ba ba su san suna da wanda za su gode wa ba. Ni na gode a madadinsu. Allah ya ba ka lafiyar gwiwoyin nan, ya sa ka huta da daɗi. Mu da muke cin abinci a bakin ruwa kuma, mu koyi cewa "a dakata" ko da ba a so ji ba.

Ranar da muka yi masa ban kwana, da yamma aka sake ruwa. Wadda za ta gaje shi ba ta fara aiki ba tukuna, ba mai kafa tuta.

Da safe na zo na zura igiya cikin tayoyina, na ɗaure, na zauna a kai. Yara suka taru.

"Yaya, ba mu taya mana!"

Na ce, "Yau babu. Ku kira mini iyayenku, ina da magana."