Ƙishirwar da Na Ɓoye a Makarantar Kwana

Abin da na fara lura da shi ranar da Baba ya sauke ni a makarantar kwana shi ne famfo. Guda ɗaya ne a bayan ɗakunanmu, an ɗaure kansa da sarƙa, sai safe da yamma ake buɗewa. Sauran sababbin ɗalibai suna ta leƙen akwatunan juna, ni kuwa gabana ne yake faɗuwa. A lokacin ina ajin farko na ƙaramar sakandare, 'yar firit, ban kai sa'o'ina girma ba, kuma ko ido ba na iya haɗawa da babba. Ni ce mace ta farko a gidanmu da ta samu irin wannan makaranta, sai da Inna ta sha fama kafin Baba ya yarda. Na san ƙaramin dalili ya isa a mayar da ni gida.

Tun ina rarrafe nake da shan ruwa da yawan fitsari. A ƙauyenmu na wajen Bunkure abin bai dami kowa ba, randa a cike take kullum, banɗaki kuma yana kusa. Kakata shinkafar rani take ce min, wai da an janye min ruwa sai in yi yaushi. An taɓa kai ni kemis a Kura aka tsaga min yatsa, aka ce ba suga ba ce, daga nan kowa ya ce halitta ce. A makaranta kuwa ba a yi nisa ba aka sa min suna injin ban-ruwa. Wata siniya 'yar babban aji ta ce da za a jona min tiyo, ni kaɗai na isa in shayar da gonar tumatir a Kadawa. Nakan yi murmushi tare da masu dariya, in koma in ɓoye gorata a ƙarƙashin hijabi. Na riƙa rage sha kafin shiga aji don kada in nemi izinin fita.

Ana haka azumi ya zo. A gida Inna ba ta taɓa barina na wuce hantsi ba, amma a nan kowa ya ɗauka, har waɗanda na girma. Na ce a raina ba zan ƙara wa kaina wani sunan ba, na ɗauka ni ma. A nan na ga abin da ya tsorata ni. Ƙawayena da rana ta take sai su daina zuwa banɗaki, ni kuwa ban sha komai ba amma ina ta zarya, fitsarin kuma fari tas kamar ruwan famfo, ko wari babu. Harshena ya bushe kamar ƙanzo, leɓena ya tsage, rubutun allo ya riƙa rabewa biyu. Ban gaya wa kowa ba. Wata rana bayan azahar na miƙe zan goge allo, sai farkawa na yi a gadon asibiti, Inna tana riƙe da hannuna.

An yi min maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ƙara min ruwa, amma jikina ya ƙi komawa daidai, sai aka tura mu babban asibiti a cikin Kano. Likitar yara da muka samu mace ce. Duk tambayar da ta yi, Inna ce ke amsawa, ni na cusa fuska a hijabi. Sai likitar ta ce Inna ta ɗan ba mu wuri, ta jawo kujera kusa da ni, ta kira ni ƙanwata, ta ce ita aikinta ke nan jin zancen fitsari daga safe har yamma, don haka babu abin da zan faɗa da zai zama sabo. Dariya ta kuɓuce min. Daga nan na faɗa mata komai, har abin da na gani a kwanakin azumi. Ta ajiye biro ta ce in sake maimaita wannan.

Bayan gwajin jini da na fitsari ta zaunar da iyayena. Ta ce a cikin ƙoda akwai wasu siraran hanyoyi da ke mayar wa jiki ruwa bayan an tace jini, nawa kuma tun haihuwa ba sa riƙewa, ko na sha ko ban sha ba sai ruwan ya fita. Baba ya jinjina kai ya ce ya gane, gona ce aka sako wa ruwa alhali bakin ƙasa a ɓalle yake. Ta ce haka ne, kuma ba ya warkewa gaba ɗaya, amma da magani kullum, da rage gishiri, da shan ruwa duk lokacin da na ji ƙishirwa, zan yi rayuwata kamar kowa. Kawuna mai makarantar Islamiyya ya ce azumi ba ya kaina, ciyarwa za a yi, har ya tsokane ni da cewa na fi shi son lada.

Sai dai Baba ya ce makarantar kwana kuma an gama, ba zai bar 'yarsa ta mutu a bayan idonsa ba. Inna ta yi magana, bai saurara ba. Na same shi a gona yana buɗe wa albasa ruwa, na ce masa ba makaranta ce ta kayar da ni ba, shiruna ne, kuma in ya mayar da ni, da bakina zan yi wa shugabar makaranta bayani. Sai ya ce ashe ina da murya, ya yarda in koma.

Yanzu ina babbar sakandare, na yi tsawo, ni ce ma ke jan ajinmu a lissafi. Ina roƙon iyaye, yaron da ba ya ƙoshi da ruwa, yana yawan fitsari, girmansa kuma ya tsaya, kada a tsaya a kan cewa ba suga ba ce, kada kuma a hana shi ruwa don ya daina jiƙa shimfiɗa. A kai shi asibiti a duba ƙodarsa. 'Yan uwana 'yan mata kuma, kunyar da za ta hana ku faɗin ciwo ba tarbiyya ba ce.

Ranar da na koma, Baba ya tsaya a bakin ofis na shiga ni kaɗai. Na gaishe da shugabar, na faɗi sunan ciwona ba tare da na sunkuyar da kai ba. Sannan na roƙe ta ta bar ni in ajiye gorar ruwana a kan tebur inda kowa zai gani, har a watan azumi, kuma in za a sanar da 'yan ajinmu dalili, a bar ni in faɗa musu da kaina.