Irin Dawar Kaka a Saman Benen Manfuha

Shekara huɗu ke nan da rasuwar kakana, Malam Ɗanjuma, a nan Riyad. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji can baya nake zama. Darasin tarihi na makon jiya ne ya sa na ɗauki biro.

Malamarmu ta zana Nilu da Dijla da Furat a allo. Ta ce a bakin waɗannan koguna aka fara noma, kuma sai da ɗan Adam ya koyi ajiye iri don baɗi sannan ya daina yawo ya kafa gari. 'Yan aji suna ta rubutu, ni hankalina ya tafi gida.

Kaka manomin bakin kogi ne. Da aka datse kogin da madatsar ruwa, fadamarsu ta bushe, sai Baba, wanda ke tuƙi a nan, ya ɗauko shi zuwa unguwarmu ta Manfuha. Ya zo da riguna biyu da ƙullin irin dawa a tsumma. Ya ce tun zamanin kakansa ake zaɓo shi daga manyan zangarku, kuma damina ba ta taɓa wucewa ba a shuka shi ba.

Ya cika gwangwanayen madara da ƙasa a saman bene, yana jiran ruwan fari. A ƙasar nan kuwa cikin sanyi ake ruwa. Yana jin ƙamshin ƙasa ya kira ni.

"Amarya, taso, damina ta sauka."

"Kaka, hunturu ne fa."

"Ke da ko tuwo ba ki iya ba, za ki koya mini shuka?"

A gona da diddige ake rufe rami, a gwangwani da babban yatsa ya rufe. Dawar ta tsiro, ta kai tsawon yatsana, ta yi rawaya, sanyi ya kashe ta. Ya ƙulle rabin da ya rage ya ba Mama, ya ce in an samu mai tafiya a kai gida a shuka. Masu tafiya sun yi ta tafiya, akwatunansu cike da rediyo da turare. Ba a ba kowa ba.

Yanzu in mun fita ta hanyar garin Kharj, sai ga gonakin alkama kore shar a tsakiyar rairayi, ƙarafa na zagayawa suna yayyafi, ba kogi ba hadari. Ban san ko zai yaba ba. Na fi zaton zai tambaya wa ya zaɓi irin.

Da na dawo daga makaranta ranar darasin, na tambayi Mama ƙullin.

"Wane ƙulli? Na Baba Tsoho? Ƙwari sun fara ci, tun azumin bara na haɗa shi da na kasuwa na dama kunu."

Kabarinsa ba shi da alama, kuma mata ba sa zuwa maƙabarta a nan. Fadamarsa an ce ta zama filin ƙwallo. Abu ɗaya ya bar mana amana, mai rai, wanda kakanni suka riƙa miƙa wa juna hannu da hannu har ya iso gidanmu. Na tuna kunun. Ya yi gardi, har na miƙa kofi aka ƙara mini.