Wa Zai Amsa Sunan Kofur Laraba?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga Disamba 2003, mako biyu bayan ƙaramar salla, Allah Ya yi wa Kofur Laraba Arzika Aujara rasuwa a wani asibiti a Dutse, bayan ta sha jinyar ciwon hanta. Laraba aka haife ki, Talata kika tafi. Ko ranarki ba ki jira ba.

Ni ne Saje Jaji, tsohon soja, na yi yaƙin basasa. Ban taɓa shiga aji ba, don haka Malam Falalu ke rubuta mini, na kuwa gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. Da muka zo kan kalmar Kofur sai ya ajiye biro yana kallona. Na ce rubuta, igiya biyun nan ba aronsu ta yi ba.

Mahaifinki marigayi Arzika aminina ne tun muna kiwo. Shekarar da aka ba mu jiha kika ce soja za ki shiga, duk Aujara aka yi dariya, ni ma na yi. Na ce miki bariki ba wurin 'ya mace ba ne. Kika ce, "Baba Saje, harsashi yana tambaya?"

Kin tuƙa motar ɗaukar waɗanda suka ji rauni a Laberiya. Kin kwaso 'ya'yan mutane daga inda maza suka ja da baya. Amma a bariki mata-maza suke kiranki. In kin yi daidai su ce sa'a ce, in taya ta fashe su ce ai mace ce. Sai wani hafsa ya neme ki, kika ƙi. Ba a jima ba aka fara cewa ke da Mashkura, sojar da kuke ɗaki ɗaya, maɗigo kuke yi. Ba wanda ya gani, ba wanda ya rantse. Aka kira ku ofis, aka karɓe kakinku, aka ce ku tafi.

Maganar ta riga ki isowa gida. Kin dawo daidai shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin da kalma irin wannan ke iya cinye mutum. Uwaye suka hana 'ya'yansu mata shiga gidanku. A wurin biki in kin zauna, tabarma takan yi faɗi. Ni na faɗa a ƙofar masallaci, zan kuma maimaita: shari'ar da muka yi murna da ita shaida take nema, ba an ce ba. Ban taɓa tambayarki ba, ke ma ba ki taɓa rantse mini ba. Abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa ba a ba ni gadinsa ba.

Abin da na gani da idona shi zan faɗa. Injin niƙan unguwa in ya tsaya ke ake aika wa, a ɓoye. Da damina, ranar da naƙuda ta tsananta wa Bilki matar Gaji, direba ya ga ruwa ya cinye hanyar Jahun ya ce shi ba zai shiga ba. Ke kika karɓi makulli kika ƙetare da ita. Yaron yana gudu yanzu. Uwarsa ba ta zo gaisuwarki ba.

Ni kuwa, tun da matata ta rasu, kowace Juma'a sai kin zo kin wanke mini tsohon mikin ƙafata. Kafin ki shigo zaure sai ki ƙame, ki sara mini, ki ce, "Baba Saje, Kofur ta iso." Ni kuma in ce, "A huta." A garin nan ke kaɗai kike tuna cewa na taɓa zama wani. Juma'ar da ta wuce na zauna a zaure har la'asar ta yi sanyi. Na san ba za ki zo ba, amma ban tashi ba.

Mu tsofaffin sojojin yankin nan muna da al'ada. Duk ranar tunawa da mazan jiya mukan taru a Dutse, ni nake kiran sunayen mamatanmu da ka, domin a kaina suke. In na kira suna, wanda suka ci tukunya ɗaya da mamacin yakan miƙe ya amsa, "Yana nan." Bayan addu'ar bakwai na gaya wa shugabanmu Alhaji Ɗanmusa cewa bana sunanki zai shiga. Ya ce, "Saje, mazan jiya aka ce. Wannan mace ce, korarriya kuma. Ko ka kira, wa zai amsa?" Na ce, "Alhaji, ɗan ƙanenka da ya dawo daga Laberiya da ƙafa ɗaya, wa ya ɗauko shi?" Ya ce in na matsa za a ba wani kiran. To a ba shi. Sai dai dole ya fara nemo sunayen a cikin kaina.

Ya Allah Ka jiƙan Laraba, Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka haskaka kabarinta, Ka sa ciwon da ta sha da maganganun da ta haɗiye su zama kaffara. Ka ba ta maƙwabtan da ba za su janye tabarma ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarta Inna Ummi, da ƙanenta Mu'az, da dukkan zuriyar Arzika. Allah Ya ba ku haƙuri. Ina kuma miƙa ta ga Mashkura, wadda ta zo daga Kafin Hausa ta yi jinyarta har ƙarshe, ta zauna a gefen zaman makoki ba wanda ya ce mata sannu da haƙuri. 'Yata, sannu da haƙuri.

Mashkura ta yi mini alkawari za ta zo Dutse ranar taro. In sun hana ta shiga, ta tsaya a bakin ƙofa. Na tsufa, Kofur, amma muryata tana kaiwa titi. Zan kira, za a amsa.

A huta.